Budurcin Sai-Gobe

Chollom yana durƙushe cikin taɓo yana naɗa wa dokin bandeji a ƙafar gaba, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Hausa, don da ita suke sirrinsu.

"Ka ji ni ko? Na uku. Na huɗu ma ba laifi. Ka bi bayansu kamar yadda ka saba, ka tsallake katakonka, mu koma gida. Yau ba ranar nuna kai ba ce."

Dokin ya sunkuyo ya cafke masa hula, ya jefar a ruwa.

Jan doki ne, ba ɗigon fari ko ɗaya a jikinsa, shekararsa goma sha ɗaya, kuma tun yana ƙarami aka fiɗiye shi. Yana da wani dogon sunan Turanci a takarda, amma ba mai kiransa da shi. Mai dokin, Likita Maitama, likitan ƙashi ne da ke zaune a Mitchellville. Ya ga abokan aikinsa wannan yana da jirgin ruwa, wancan yana buga ƙwallon attajirai da sanda, shi ma ya ce sai ya shiga mutane, ya sayi dokin tsere. Ya dai rantse wa limaminsu cewa ba ruwansa da caca. Sau goma sha tara dokin yana fita tsere, sau goma sha tara Chollom yana bugo waya ya ce ba a dace ba, Likita kuma ya ce, "To, sai gobe." Daga nan sunan ya bi shi. Har Debbie, Baturiyar da ke horar da dawakin bargar, Sai-Gobe take ce masa, da nata karkataccen bakin.

Tseren kuwa ba irin na fili shimfiɗaɗɗe ba ne. Na tsallake ne: mil uku cikin gonaki, hawa da gangara, ga shingayen katako a jere sai doki ya haye su. Daga watan Maris zuwa Nuwamba, in ka cire tsakiyar zafi, da wuya Asabar ta wuce ba a yi shi a wani ƙauyen Maryland ko Virginia ba. Amma a wurin mutanenmu, daga Silver Spring har College Park, tsere ɗaya ne a duniya: babban taron watan Mayu, inda ake kafa rumfuna, matan Turawa su ɗora huluna kamar faifai. Babbar Rana suke ce mata. Bana ma Likita ya kama rumfa ta mutum sittin, Musulmi da Kirista. Matarsa Hajiya Saudatu ta sa an ɗinko anko daga Kano, koren leshi, har an raba. Saura mako uku.

To, ga inda ƙullin yake. A Babbar Rana akwai wani tsere da aka keɓe wa dawakin da ba su taɓa yin na ɗaya ba, kuma shi kaɗai ne Sai-Gobe zai iya shiga ya fita da mutunci. Mutanen doki suna da wani suna da suke kiran irin waɗannan dawaki, mace ko namiji, yaro ko tsoho: budurwa. Ranar da doki ya fara cin tsere, sai su ce ya fasa budurci, kuma daga ranar ba shi ba layin 'yan mata. Chollom ya san wannan, Likita ma ya sani.

Shi ya sa da Chollom ya roƙa a bar dokin ya fito wannan ƙaramin taro na yau, don ya warware jiki, Likita ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau.

"In ya ci fa?"

"Ranka ya daɗe, Sai-Gobe ne fa."

Likita ya yi dariya, sannan ya gimtse. "Na yarda. Amma ka ji da kyau. In wani abu ya ɓata mini ranata, kai da dokin kowa ya nemi wani gida."

Maganar ba ƙarama ba ce ga Chollom. Mutumin Riyom ne, a cikin ƙananan dawakin dutse na mahaifinsa ya tashi, ya yi aiki a bargar 'yan folo, masu buga ƙwallo a kan doki, a Jos da Kaduna. Da matarsa Chundung ta sami aikin nas a nan ya biyo ta, ya yi tuƙin haya, ya yi jidon kwali a sito, har ya fara zama mutumin da ba ya magana a gida. Aikin kula da dokin nan ne ya dawo masa da baki. Shekara huɗu ke nan.

Filin yau na wani manomi ne a bayan tsaunukan Virginia. Ana yayyafi tun safe. 'Yan kallo ba su fi arba'in ba, sai shanu a bayan waya suna tuƙa. Dawaki huɗu ne kacal a tseren. Olive, siririyar yarinyar da ke hawan Sai-Gobe, malamar makarantar firamare ce sauran kwanakin mako. Chollom ya ɗaga ta bisa sirdi bai ce mata komai ba. Ba a cewa mahayi ya riƙe doki don kada ya ci tsere, laifi ne babba, ita ma ba mai yarda ba ce. Kuma me za a riƙe a jikin Sai-Gobe?

Aka saki tuta. Sai-Gobe ya kama gurbinsa na kullum, wato na ƙarshe, Chollom ya sauke ajiyar zuciya ya jingina da shinge.

A katako na bakwai, dokin da ke gaba ya ce shi fa ya gaji da wannan rayuwa. Ya ja birki, mahayinsa ya wuce shi kaɗai ya tsallake, ya sauka zaune cikin caɓi. Saura uku. Chollom ya ce a ransa, na uku ai shi muka nema.

A zagaye na biyu, mahayin wani baƙin doki ya bi ta hagun tuta maimakon dama. Lasifika ta ce an fitar da shi. Saura biyu: wani farin doki, sai Sai-Gobe a bayansa da tazarar mota uku.

"Ya Yesu," in ji Chollom, "ka ƙara wa farin nan ƙarfi."

Farin ya fara tangaɗi a hawan ƙarshe. Taɓon ya sha masa ƙafa. Sai-Gobe kuwa, da yake bai taɓa wahalar da kansa a rayuwa ba, yana tafe da sauran numfashinsa cif. Tazarar ta koma mota biyu, ta koma ɗaya. Suka tashi katakon ƙarshe tare, suka dira tare. Chollom yana addu'a da baki farin ya wuce, ƙafafunsa kuwa sun kwashe shi da gudu a gefen shinge. Bai san lokacin da ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito ba, irin fiton nan da yake yi kullum da safe in ya ɗauko bokitin dusa.

Sai-Gobe ya miƙe kunnuwa. Ya tuna abinci. Ya wuce farin da tsawon wuya.

Abin da ya biyo baya Chollom bai iya jera shi daidai ba. Ya dai san Olive ta rungume wuyan dokin tana ihu. Ya san Debbie ta ɗaga shi sama, ita da ta girme shi. Ya san wata tsohuwa mai takalmin roba ta miƙa masa ɗan farantin azurfa, ko mai kama da azurfa, wani ya ɗauke su hoto. Hawaye na zuba a fuskarsa, shi kansa bai san ko na murna ne ko na neman aiki ba. Debbie ta hau kan tudu inda wayarta ke kamawa, ta dawo ta ce Likita yana ɗakin tiyata, amma ta bar saƙo wurin Hajiya Saudatu.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ina ga murna ce ta rufe mata baki."

Wayar Chollom ba ta da sabis a wannan daji. Sai da suka loda dokin a tirela, Debbie na tuƙi yana gefe da faranti a cinya, suka yi kusan awa guda, suka fito babbar hanya, sannan wayar ta farka. Ta yi ta kuka kamar an taka ɗan kare. Kira ashirin da uku. Saƙo ba iyaka. Kafin ya buɗe ko ɗaya, ga Chundung.

"Baban Abby."

"Maman Abby, har kin ji?"

"Har na ji? Maryland duka ta ji! Ina tsakiyar ba mara lafiya magani aka kira ni. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

Yana jin numfashinta.

"Ban yi niyya ba, Allah ya sani," ya ce. "Har addu'a na yi kada ya faru. Amma da na ga an zo gab, ban san sanda na yi fito ba."

"Fito! Da furfurarka, kana dattijon ikilisiya, kake yin fito a daji?"

"Ai kullum da safe ina yi, kafin in ba da abinci."

"Har abinci kake kaiwa? Tun yaushe?"

"Haba, shekara huɗu ke nan. Ai kin sani."

"Na sani? Ni na sani?" Muryarta ta tsinke ta dawo. "An ce a gaban mutane."

"Ba su da yawa. Kamar arba'in. An dai ɗauki hoto."

"Wayyo ni Chundung. Wace ce? Faɗa mini sunanta."

"Wa? Olive? Kada ki ga laifinta, ita aikinta ta yi. Ai kin santa, wadda ta zo Kirsimeti ta ci gwatenki har ta nemi ƙari."

Wayar ta mutu.

Chollom ya bi ta da kallo. Ya san Chundung za ta damu da maganar aikin, amma bai taɓa sanin tseren doki ya shiga ranta haka ba. Matar da ko warin barga ba ta so, sai ya tuɓe takalmi a waje?

"Tana murna?" in ji Debbie.

"Tana... mamaki."

Ya buɗe saƙon murya na farko. Mama Hannatu ce, shugabar zumuntar mata ta ikilisiyarsu, wadda in labari ya kwana bai iso gare ta ba sai ta yi zazzaɓi. "Ɗana Chollom, Shaiɗan ba ya hutu. Ni ban gaya wa kowa ba, sai 'yan addu'a. Ka zo gidan Likita kai tsaye, muna nan. Kada ka gudu, gudu ba ya gyara komai." Na biyu daga wani ɗan garinsu ne da ke Texas, wai in ana neman lauya ya san wani. Na uku daga Jos ne, yayarsa, kuka kawai take yi.

Kansa ya ɗaure tam. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda tseren Asabar ya kasance. Ko sunan garuruwan da suke zuwa ba su sani ba. Yau doki ya ci ɗan faranti a gaban shanu, har Jos ana kuka? Ashe haka ankon nan yake da girma a ran mutane.

A barga bai yi gaggawa ba. Ya wanke dokin da ruwan ɗumi, ya shafa ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya ji su sanyi ƙalau, ba kumburi. Ya zuba masa dusa, ya ƙara da karas biyu. Ya tsaya yana kallonsa yana ci.

"Kai ka ci, ni na sha," ya ce. "Wa ya ce ka amsa fitona yau? Shekara huɗu ina roƙonka ka yi na ɗaya, ba ka ji."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa Mitchellville. Motoci uku a ƙofar gida, har da ta Chundung. Ya goge takalmi ya fi sau biyar, ya yi sallama, ya shiga da faranti a hannu.

Likita yana tsaye tsakiyar falo, ko kayan asibiti bai cire ba. Hajiya Saudatu na kan doguwar kujera ta rafka tagumi. Chundung na gefenta, ido jawur, ta ƙi kallonsa. Mama Hannatu ta zaɓi kujerar da ake ganin kowa, jaka a cinya, ta gyara zama. A bango, saman talabijin, ga babban hoton nan na Babbar Ranar bara cikin firam mai ruwan zinare: doki a sama yana tsallake katako. Chollom, kamar kullum, ya kawar da ido daga gare shi.

"Chollom," in ji Likita, "na fito tiyata na tarar da maganar da ban so in yarda da ita ba. Mutum kamarka."

"Ranka ya daɗe, haƙuri na zo bayarwa. Laifina ne, ba na kowa ba." Ya ajiye farantin a kan tebur. "Ga abin da aka ba mu."

"Aka ba ku?" Mama Hannatu ta leƙo. "Ikon Allah. A ƙasar nan har tukuici ake bayarwa?"

"Iyayenta sun sani?" in ji Hajiya.

"Iyayen wa, Hajiya?"

"Yarinyar mana!"

"Olive? Babanta ma yana wurin. Shi ya fara ba ni hannu."

Chundung ta saki wani sauti ta cusa fuska cikin gyalen Hajiya. Likita ya dubi farantin. Ya ɗauka, ya juya shi, ya karanta rubutun da ke jiki. Goshinsa ya tattare.

"Tsaya. Saudatu, me Baturiyar ta ce miki? Faɗi yadda ta faɗa."

"Ta ce in gaya maka yau dai Chollom ya yi abin da ya daɗe yana nema. A fili, kowa na gani. Ta ce ya fasa... wannan kalmar, maiden. Ta ce yana can yana kuka. Ni ban gane ba, na tambayi 'yarmu Afnan, ta ce mini yarinya ce budurwa da ba ta yi aure ba. Shi ne na kira Mama Hannatu, don ita ce babba a wajensu, a san yadda za a rufa asiri."

Likita ya nemi kujera ya zauna a hankali.

"Dokin ne budurwar," ya ce.

"Wane doki?"

"Doki nawa gare ni?"

"Sai-Gobe? Ai namiji ne!"

"An ma fiɗiye shi, Hajiya," in ji Chollom, don ya taimaka.

"To ta ina ya zama budurwa? Kuma in budurwa ce, kai me ya kai ka?"

Sai da Likita ya yi bayani sau biyu. A na biyun ne Chollom ya gane abin da ake tuhumarsa da shi tun azahar. Ya tuna fito, ya tuna abincin safe, ya tuna gwate. Ya zauna a ƙasa kan kafet.

"Maman Abby! Ni? Da Olive?"

Chundung ta tashi ta maka masa jakarta a kafaɗa, tana dariya tana kuka. "Ba sai ka ce doki ba! Tun daga farko har ƙarshe ba ka ce doki ba!"

"Ke ma ai ba ki ce mace ba!"

"To, mun gode wa Allah," in ji Mama Hannatu, da muryar wadda aka ɗauke wa kwano tana tsakiyar ci. Ta zaro waya ta dube ta, ta mayar. Labarin ya riga ya yi nisan da ba za a kamo shi yau ba.

Hajiya ta fara cewa a kawo shayi, sai ta lura mijinta bai yi dariya ba. Fuskarsa ta fi ɗazu baƙi. Ɗazu abin kunyar na Chollom ne. Yanzu nasa ne.

"Wato ya ci," ya ce.

"Ya ci, ranka ya daɗe."

"Wato ba zai shiga tserensa ba a Babbar Rana. Mutum sittin. Shugaban sashenmu zai zo da matarsa. In ce musu me? Dokina ya yi na ɗaya a gonar wani, shanu sun shaida?"

"An rubuta a littafin hukuma. Cin tsere ne cikakke."

"Wa ya gani? Wa zai tuna? Doki don rana ɗaya ake ajiye shi, Chollom. Sauran duk share fage ne."

"Ranka ya daɗe, katakon yau da na ranar duk itace ne. In ya buge shi, zafin ɗaya ne. Shi bai san watan Mayu ba. Asabar ya sani."

Likita ya miƙe ya fara zagaye tebur. Can ya tsaya. "Akwai babban tseren ranar, na kofin. Shi kowa na iya shiga. Ka gaya wa Debbie ta sa sunansa. Ko na ƙarshe ya zo, an dai gan shi. Ka yi wannan, na manta da maganar da na yi maka."

Chundung ta taɓa mijinta da ƙafa, alamar ya karɓa. Chollom ya san tseren kofin: mil huɗu, katako ya kai ƙirjin mutum, ba ya karyewa, dawakin da ke shiga kuma tun daga farko a guje suke. Ya taɓa ganin an kafa labule a bayan shinge na goma sha uku, aka fito da sirdi kawai, dokin bai sake tashi ba.

"A'a," ya ce.

"Me ka ce?"

"Ba zai dawo ba, ranka ya daɗe. Zai bi su don ba ya son a bar shi shi kaɗai, ƙafarsa kuma ba ta kai ba. Dokinka ne, kana iya sa wani ya ɗaura masa sirdi. Ni dai hannuna ba zai yi ba."

"Baban Abby," in ji Chundung a hankali.

"Na sani, Maman Abby."

Likita ya nuna bango da yatsa. "Dubi nan! Dubi hoton nan! Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ciyar da shi shekara guda. Don wannan minti ɗaya. Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya tsaya a gabansa."

Shekara guda Chollom yana haɗiye maganar. Yau da aikin ya riga ya tafi, bai ga abin da zai ci gaba da haɗiyewa ba.

"Wannan ba dokinka ba ne."

Ya matsa gaban hoton, ya nuna da yatsa.

"Dubi ƙafafunsa, fari ne har gwiwa, duka huɗun. Ga fari a goshi. Sai-Gobe ba shi da fari ko na ƙwayar shinkafa. Wannan na wata mata ce daga Pennsylvania. Rigar mahayin ce kore kamar tamu, shi ne Afnan ta ɗauka. Lokacin da namu ya iso wannan katakon, an riga an buɗe kular shinkafa a rumfa."

Hajiya ta tashi ta je gaban hoton, ta sa tabarau. "Wannan ɗin? Shi muka yi wa guɗa fa. Ni har muryata ta dushe kwana biyu."

"Ni na ce a yi masa addu'a da ya wuce," in ji Mama Hannatu. "Ashe dokin mutane na yi wa."

"Mu sittin," in ji Hajiya. Ta juyo ta dubi mijinta, tana ƙoƙarin riƙe dariya. "Alhaji, har da kai. Kai ka fi kowa tsalle."

Likita ya daɗe yana kallon fararen ƙafafun nan. Sannan ya miƙo hannu ba tare da ya juyo ba. "Hoton yau. Mu gani."

Chollom ya lalubo shi a waya ya ba shi. Doki ne jiƙe sharkaf, taɓo har kunne, Olive a kai ba a gane fuskarta, Chollom a gefe ba hula, baki buɗe. A baya saniya ta leƙo.

"Wannan ne nawa?"

"Shi ne."

"Ya rame."

"Haka yake. Ruwa ne ya kwantar masa da gashi."

Likita ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kai kan fuskar dokin, ya tsaya a nan. Aka ji kiran sallar magariba daga agogon bango. Ya mayar wa Chollom wayarsa.

"Rumfa tana nan," ya ce. "Anko yana nan. Ranar ka zo da riga mai kyau, ka tsaya kusa da ni. In an fara tsere, ka zaɓo mana wani jan doki mai ƙoƙari, ka nuna mini da haɓa. Ba na son wanda zai zo na ɗaya, za a nemi mu fito karɓar kofi."

"Sai-Gobe fa?"

"Ku je ku yi ta Asabar ɗinku." Ya nufi hanyar alwala, ya tsaya a bakin ƙofa. "Ta gaba yaushe ce?"

"Mako biyu. Wani gari ne bayan Frederick."

"Wane biki ake yi a can?"

"Ba biki. Asabar ce kawai."

Likita ya jinjina kai kamar an gaya masa sunan wata cuta da bai karanta ba, ya shige.

Chollom ya miƙa hannu zai ɗauki farantinsa, ya tarar Hajiya ta riga shi. Tana juya shi a hasken fitila, tana gwada shi da tafin hannu.

"Wannan zai yi dabino," ta ce. "A tsakiyar teburin rumfa. Baban Abby, ka bar mini shi zuwa bayan Babbar Rana."

Ya buɗe baki, Chundung ta ja masa hannun riga. A bakin ƙofa Mama Hannatu ta tsayar da su, ta rage murya, ta ce ita fa ta gamsu sarai, amma don mutanen Jos su natsu, ko zai turo mata hoton yarinyar.